Fanna Na Son Karatun Nukiliya, Ni Kuwa Gabana Na Faɗuwa

Anti Hanifa, don Allah ki taimake ni da shawara. Ni matar aure ce a Ajilari, kuma wallahi ba ni da abin cewa sai godiyar Allah. Gari ya lafa, maigidana Babakura yana tuƙa tankar mai, ni kuma ina sayar da zoɓo da ƙanƙara. 'Yarmu Fanna ta gama jami'a, yanzu ta samu gurbin ƙaro karatu a kan makamashin nukiliya. Wai nan gaba da shi ƙasa za ta dogara, ba da mai ba. Babanta dariya yake yi, yana tsokanarta wai da kuɗin mai ya yi mata karatu, ga shi za ta kashe masa sana'a. Ya amince, amma ya ce sai na sa albarka.

To ni da na ji kalmar nan, bam nake tunowa. Kin san abin da muka gani a garin nan, har yau ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai na zabura. Amma kuma ban manta lokacin da aka yanke mana wuta ba, firijina ya koma ma'ajiyar kwanuka. A lokacin ne ta ce min wata rana ita za ta kawo mana wuta. Yarinyar ba ta matsa min ba, kallona kawai take yi. In bar ta, ko in hana?

Maman Fanna, Ajilari

Maman Fanna, tsoronki ba shirme ba ne, wanda ya ji ƙarar da kuka ji dole ya zabura. Amma tashar nukiliya ba bam ba ce. Zafi take bayarwa, ya tafasa ruwa, tururin ya juya inji, a samu wuta. Haɗarinta gaskiya ne, shararta na buƙatar tsaro na tsawon zamani, gininta ga tsada ga cin shekaru. Shi ya sa take buƙatar masu natsuwa irin 'yar da kika siffanta.

Ki kwantar wa Malam Babakura da hankali, ko da yake na ga nasa a kwance yake. Nukiliya lantarki take bayarwa, ba a zuba ta a tankin Keke Napep, don haka ba ta maye gurbin mai gobe ko jibi. Ko tashar ta yi jinkiri, asibitocin masu ciwon daji na neman masu wannan ilimi.

Ki zaunar da Fanna gefen tukunyar zoɓonki, ta yi miki bayanin karatun da Kanuri, ki yi ta tambaya har ki gamsu. Ki kuma gaya mata abin da kike tunowa, don ina zaton ba ta sani ba. Sannan ki sa mata albarka. Yarinyar da ta ga firijin uwarta cike da kwanuka ta ɗauki alkawari, kada tsoro ya hana ta cikawa. Allah Ya ba ta sa'a, Ya bar ku cikin zaman lafiya.