Ranar da Kalangu Ya Tsallake Ashafa

Assalamu alaikum Yaya Muttaka,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da matarka Rahma da yara. Allah ya ƙara rufa asiri a can Kumasi. Mu nan Koki sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi har ta koma yi mana faɗa a tsakar gida, ka san kuwa in ta fara faɗa ta warke.

Maganar ƙaninmu Ashafa ce ta sa na rubuto. Tun damben bayan Sallah da aka same shi a fuska, idonsa na hagu ya dushe, likita kuma ya ce naushi ɗaya ya rage idon ya tafi gaba ɗaya. Ya roƙe ni kada in gaya wa kowa, amma kai ba kowa ba ne. Ya rantse mini ya bar dambe, sai ga shi kullum da asuba yana hawa Goron Dutse da gudu, ya dawo ya hau dukan buhun yashi a zaure har ƙasa na zubowa daga bango. Na ce masa wanda ya bari me ya haɗa shi da buhu, ya ce jiki ne ya saba.

Tunda soja suka koma bariki, duk wanda ya ci zaɓe sai ya shirya dambe don murna, kuma Ashafa ake nema. Ka fi ni sanin in makaɗi ya buga wa ɗan dambe takensa, ko zazzaɓi yake sai ya miƙe, balle nasa taken na Babanmu Shehu ne ya gada, Allah ya ji ƙansa. Shi ya sa na je wurin Baba Nata'ala mai kalangu, na durƙusa na roƙe shi ya daina kiran yaron nan, ban faɗa masa dalili ba. Ya ce tun kafin a haife ni yake yi wa gidanmu kiɗa, amma zai yi yadda nake so.

Ya cika alkawari, ashe gara da bai cika ba. Ranar Juma'a a filin dambe ya kaɗa wa kowa ya tsallake Ashafa, fili duka ya lura. Nan take aka fara cewa ɗan Shehu ya tsorata har makaɗin ubansa ya yar da shi. Tanko na Gwale, wanda ya daɗe yana haƙonsa, ya tako ya miƙa masa hannu na neman karawa a gaban jama'a, shi kuwa ya amsa. An sa damben ƙarshen watan gobe. An gudu ba a tsira ba.

Na yi kuka, na yi faɗa. Ya ce in ya janye ba zai sake ɗaga kai a unguwa ba, gara a ce masa mai ido ɗaya da a ce masa matsoraci. Wallahi tsoro nake ji, Yaya. Kai kaɗai yake jin kunyarka, ka zo da kanka, takarda ba za ta tsayar da shi ba.

Ka gaida Rahma da Bahijja da ƙaramin Mikail. Baffa da 'Yardada suna gaishe ku. Inna ma tana gaisuwa, ta ce lallai in gaya maka Ashafa ya koyi girman kai: jiya ta tsaya ta hagunsa da kwanon fura har hannunta ya gaji, ko kallonta bai yi ba. Har yanzu ba ta san maganar idon ba.

Taka ƙanwa,
Turai