Tagar da Na Ƙi Liƙewa

Zuwa ga Darinka, hasken rana a kan dusar ƙanƙara, zumar da ke kwance a ƙasan kofin shayina, garwashin da ya ƙi mutuwa a murhun tsufana.



Kin tuna ranar Talata a asibitin ƙauye, da muka je allurar mura? Na fito wuya a buɗe, kika dube ni kika ce, "Kai Radomir, wuya kamar na figaggiyar kaza! So kake mu binne ka kafin Kirsimeti?" Kika kwance mayafinki kika naɗa mini, kika ɗaure har na kusa shaƙewa. Shekara goma sha ɗaya, tun rasuwar matata, ba wanda ya yi mini faɗa saboda sanyi. Na komo gida ina dariya ni kaɗai a hanya, karnuka suna kallona.

Bari in tona wa kaina asiri. Kowa a ƙauyen nan ya cusa auduga a tagoginsa, ya liƙe su da takarda da kullun fulawa sai bazara. Na liƙe uku. Ta huɗun, mai kallon tudun gidanki, na kasa. Gilashinta yana yin raɓa, to ta yaya zan hango ki da safe kina watsa wa kaji masara in ban buɗe ba? Ni da na shekara saba'in da tara ina gudun promaya, iskar nan mai ratsawa tsakanin ƙofa da taga, wadda uwata ta rantse ta fi yaƙi kisa, ga ni tsaye a tsakiyarta kullum ina murmushi kamar wawa. Maƙwabcina Stanimir ya ce a kira mini fada, limamin coci, tun ina iya magana. Wuyana ya sage, gaskiya ne. Amma hagu ya karkace, wajen gidanki. Ko ciwon ya san inda hankalina yake.

Ke dai kada ki yi koyi da ni, furen lambuna. Ki sa safar ulu biyu. Kada ki fita da jiƙaƙƙen gashi, kada ki zauna a dakalin dutsen nan naki. Ki ci tafarnuwa da safe, ni ma ina ci, ba mai ƙyamar wani. Ki sha ruwan kabejin da kika tsima, in ƙirji ya yi nauyi ki shafa kitsen agwagwa ki rufe da ulu. Ina son ki kai bazara lafiya, don ina da aiki da ke.

An ce mini ɗanki Nenad zai zo ranar Lahadi ya tafi da ke birnin Nish ki yi hunturu a bene na biyar. Wa zai yi mini faɗa? Wata biyar, Darinka. A shekaruna ba a yi wa wata biyar alkawari. Murhu nake yi wa hira, shi kuwa ba ya ce mini figaggiyar kaza.

Kada ki tafi. Ki aure ni. Itacena ya isa mutum biyu, ɗakina yana riƙe ɗumi, haƙorana shida ne amma duk nawa ne.

Ranar Asabar zan hau tudunki da sandata, ko da likita ta hana ni hawa. Zan huta sau uku a hanya. In amsarki a'a ce, kada ki faɗa mini a bakin ƙofa cikin sanyi. Ki shigar da ni, ki ba ni kujera in maida numfashi tukuna. Ina gaya miki tun yanzu, numfashina yana daɗewa bai dawo ba. Yana iya kai Litinin.

Naki, yau da duk sauran kwanakin da Allah ya ajiye mini,
Radomir