Bakin Haruffan Allon Shago

Litinin, 3 ga Maris
Ni lafiya, sai gwiwa. Surukata ta warke, jikana har yanzu tari. Wanda ba shi da lafiya sosai allon shago ne, gara ta cinye shi. Kafinta ya ce Juma'a ta sama zai sauke shi. Ban amince ba tukuna. Marigayi maigidana ne ya rubuta shi da hannunsa. A kansa na koyi baƙi ina da shekara arba'in, yana nuna min da sanda.

Laraba, 5 ga Maris
Auta, wadda take aikin zane a kwamfuta can nesa, ta sake zana rubutun don sabon allo, ta turo min a waya. Bakin haruffan tsini-tsini kamar haƙoran zarto. Na ce ubanki ba da zarto yake rubutu ba. Ta yi dariya: "Umma, zanen ƙalau yake. Wajen mayar da shi hoto ne ya koma ɗigo-ɗigo, na manta ban gyara bakin ba."

Alhamis, 6 ga Maris
Na biyu ya zo sumul. Amma da na buɗa shi da yatsu, gefen kowane harafi ya yi dishi-dishi. Haka idon mahaifiyata ya fara. In ido ya tafi, karatun da na sha wuya a kansa fa? Ban gaya wa kowa ba.

Asabar, 8 ga Maris
Na kasa daurewa, na kira Auta. "Idonki garau, Umma! Ni na sa. Ana zuba ɗigo ruwan toka tsakanin baƙi da fari, don ido ya ga layi sumul daga nesa."
Duk da gwiwa na hau kujera, na leƙa allon kusa. Haruffan maigidana ma haka suke. Sai na tuna babban yatsansa, kullum da fenti. Yakan shafa gefen kafin ya bushe, ya ce, "Daga bakin titi ake karanta allo, ba da hanci ba."

Litinin, 10 ga Maris
Na ce wa kafinta ya zo. Don kar allon ya faɗo a kan jikana ne kawai. Tsohon allon ɗakina zai koma.
Na rubuta wa Auta da kaina: ta bar jelar harafin ƙarshe a karkace, yadda ubanta ya bar ta. Ta amsa min kafin Alhamis, don Allah. Ba na so ƙofar nan ta kwana ba rubutunsa.