Kada a Zubar da Littafin Mai Gada

Zuwa ga Mudir, shugaban ɗakin karatu na kamfanin Amirkawa da ke Jidda.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali, ni ne Idi, farrash ɗinku da ke share ɗakin nan shekara tara ke nan. Ranka ya daɗe, kuka na kawo.

Na ɗaya. Ranar takwas ga Rajab 1388 na tarar da kwali a bakin ƙofa cike da littattafan da za a zubar. A sama akwai koren nan mai yagaggen bango, tarihin wani ɗan majalisa na farkon zamanin Amirka. Magatakarda ya ce doka ce, duk littafin da katinsa ya shekara biyar ba hatimin aro, halas, zubar da shi za a yi. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Na biyu. Katin fari fat yake don farrash ba shi da izinin aro. A tsaye, da tsintsiya a hammata, na karance littafin sau uku da ɗan Turancin da na tsinta a wajenku.

Na uku. Mutumin manomi ne, bai iya dogon jawabi ba. Sau biyu ya faɗi zaɓe. Da ya samu shiga majalisa, abu ɗaya ya sa gaba, wato gada a kan rafin da ya raba ƙauyensu da kasuwa. A ƙi, ya sake rubutawa, sai a takarda ta biyar aka yarda. Zango ɗaya ya yi ya koma gona. Duk Juma'a bayan la'asar ina ba dattawan unguwarmu Karantina labarinsa da Hausa, har suna ce masa Mai Gada kamar wani maƙwabci.

Mu famfo muke nema, don har yau jiran jakin mai ruwa muke yi. Takarda uku muka kai hukuma, shiru. Da dattawa suka karaya, na tuna musu cewa saura biyu mu kamo Mai Gada. Muka kai ta huɗu. Makon jiya ma'aikata suka zo da igiyar awo, mata har da guɗa.

Roƙona, a mayar da littafin kan kanta, ni zan ɗinke bangon da hannuna. In hatimi ne ya rage, a ba ni katin aro, a buga na farko da sunana.

Allah ya ƙara maka lafiya da girma. Ranar da ruwa ya zo, kofin farko naka ne.

Wassalam.

Idi Farrash, Karantina