Jirgin Tanko Mai Haya

Yaya Habu,

Assalamu alaikum. Allah ya kai haske kabarinka. Na san ba za ka karanta wannan wasiƙar ba. Ko da kana raye ma cusa ta za ka yi a aljihun mota ka manta. Amma in ban faɗa wa wani ba cikina fashewa zai yi, kuma maganar taka ce.

Gida lafiya. Inna tana nan, idon dai ya ƙara rauni. Ɗanka Isiyaku ya shiga firamare, tafiyarka sak, har ɗage kafaɗar. Uwarsa ta yi aure a Gwiwa, ban ga laifinta ba. Hanyar nan ta Roni da kake zagi kullum in ka yi lodin gyaɗa, an fara zuba mata kwalta, wani ne ke bin ta da motarka.

Tanko zai tafi Makka. E, shi dai, mai ba da hayar jirgin inji a bakin dam ɗin Kazaure. Jiya ya zo gida neman gafara, kamar yadda maniyyata ke yi, har da rakiyar Liman. Ya yi ƙiba, Yaya. Ya tsuguna a zauren da aka yi zaman makokinka, wanda ko leƙowa bai yi ba a lokacin.

Ya ɗauka na manta? Ina tsaye a bakin ruwan ranar, da kayan Sallah a jikina. Ka ce hutu ka samu, za ka je ka ga inda ruwa ya cinye gonar Baba. Matuƙin jirgin ya tafi garinsu Sallah, Tanko ya ce ai ba komai, ka ja da kanka. Ka shiga, ka duba ƙasan ƙafarka, ka tambaye shi ina birki. Sai ya kece da dariya, ya kira mutane su zo su ga babban direban Kano yana neman birki a ruwa. Na ga yadda fuskarka ta yi. Daga nan ba ka ƙara tambayar komai ba.

Ya san jirgi ba ya tsayawa don an kashe inji. Ya san mu 'yan kan dutse ne, ruwan da ya wuce gwiwa ba mu taɓa shiga ba. Ya san tsamiyar gonarmu tana nan tsaye a ƙarƙashin ruwa, duk masunta kewaye ta suke yi, kuma da bakinka ka gaya masa can za ka. Kalma ɗaya ta gagare shi? Tsamiyar da ka yi min lilo a jikinta, ita ta farke jirgin, ina kallo. Kana cikin ruwan har lokacin, shi kuwa injinsa yake tambaya.

Kullum ina ce maka cika bakinka ya yi yawa. Ban taɓa gaya maka ba cewa in ka yi hon a ƙofar gida nakan ji duk Roni ba mai yaya irin nawa.

Inna ta yafe masa. Liman ya juyo kaina, ya ce ƙaddara ce, in yi haƙuri. Na san ƙaddara, Yaya, ni ma Musulma ce. Amma ƙaddara ce ta tara maka mutane ta yi maka dariya? Na ƙi ƙememe. Sai Tanko ya ce to ko addu'ar hanya in yi masa, bai taɓa hawa jirgin sama ba, kuma wallahi tsoro yake ji. Na ce Allah ya ba shi irin jirgin da ya ba ka. Inna ta lalubo bakina ta toshe, Liman yana ta salati.

Kada ka ce na yi muni. Ba so nake jirgin ya faɗo ba, akwai bayin Allah a ciki. So nake Tanko ya zauna a can sama, ba tudu ba abin kamawa, jirgin ya girgiza, ƙafarsa ta yi ta laluben birki, ya waiga ya ga ana yi masa dariya. Ban da wannan, ya je ya dawo lafiya. Yafiyar kuwa tana hannuna, ba zan sake ta ba sai ranar da za ku tsaya kai da shi, ka tambaye shi da kanka.

Ka huta lafiya. Isiyaku ba zai je bakin ruwan nan ba muddin ina numfashi.

Ƙanwarka da ta tsaya a bakin ruwa,
Laraba