Allon Ƙofar Gidanmu

Coldwater Bend, Mississippi
12 ga Oktoba, 1987

Zuwa ga Yaya Corinne,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Ya aikin asibiti, ya mutanen Memphis? Mama tana gaishe ki, ta ce ki daina fita aiki ba ki karya ba. Mu nan lafiya lau, in ban da maganar ƙwallo.

An sake cin kwalejin su Baba a wasan ƙwallon Amurka ranar Asabar, karo na huɗu a jere. Kin san abin da ke biyo baya. Da safiyar Lahadi muka tarar an kafa allo a ciyawar ƙofar gida, an rubuta gidan nan na sayarwa ne, wato mutanen gari na cewa ya tattara ya bar musu garinsu. Baba ya fita da kofinsa na gahawa, ya tuge allon, ya jingina shi a gareji tare da sauran. Ya ce sun zama sha ɗaya ke nan, daga garuruwa huɗu, cikin shekara ashirin da shida yana koci, kuma in sun kai ashirin zai gina wa Mama akurkin kaji. Mama ba ta yi dariya ba.

A bakin majami'a Mista Purvis mai aski ya ce, "Koci Tarver, in ba ka samu mai saye ba, surukina na neman gida." Baba ya ce, "Turo shi, amma ka gaya masa rufin na yoyo kamar masu tsaron bayana."

Har yanzu ni ke rubuta masa katunan dabarun wasa duk Alhamis, waɗanda 'yan wasa ke ɗaurawa a wuyan hannu. Yana cewa rubutuna kaɗai yaransa ke iya karantawa suna gudu. A makaranta kuwa ba mai zama kusa da ni lokacin cin abinci, sai jiya-jiyan nan da Rhonda Maddox, wadda kowa ke rububin ƙawance da ita, ta fara kirana teburinsu.

Ƙanwarki,
Verna

26 ga Oktoba, 1987

Yaya Corinne,

Ina fata kina lafiya. Don Allah kada ki karanta wannan a gaban kowa.

Ranar Juma'a bayan an tashi Rhonda ta gayyace ni gidansu. Na sa rigata mai ruwan ɗorawa, ina ta murna. Da muka je na tarar da 'yan ajinmu biyar a filin da ke bayan gidansu, da gwangwanin jan fenti da farin allo. Wan Rhonda ya fara rubuta gidan nan na sayarwa ne, ya ɓata. Rhonda ta miƙo mini buroshi ta ce, "'Yar Koci, ke da aka ce hannunki kamar inji. Ko tsoron Baba ne? Wasa ne fa, kowane gari ana yi."

Yaya, na karɓa. Ba wanda ya tilasta mini. Har layi na ja da fensir don kada haruffan su karkace. Suka tafa mini, na ji daɗi. Wannan jin daɗin shi ya fi damuna yanzu.

Na gaya wa kaina in Baba ya ci wasan Asabar ba za a kafa shi ba. A filin wasa na yi addu'a kamar ban taɓa yi ba, amma don kaina nake yi, ba don shi ba. Aka ci mu da maki uku.

Da safe ina leƙe ta tagar kicin. Baba ya tsaya gaban allon ya daɗe, har gahawarsa ta huce. Bai yi maganar kaji ba. Wannan karon bai kai shi gareji ba, but ɗin motarsa ya buɗe ya saka. A wurin karin kumallo ya tura mini kwanon faten masara, ya tambaye ni jarrabawar lissafi. Na kasa ɗaga ido.

Rhonda ba ta sake kirana teburinsu ba.

Taki,
Verna

7 ga Disamba, 1987

Yaya Corinne,

Gaisuwa da fatan alheri. Na samu wasiƙarki, na gode. Kin ce in gaya wa Baba da bakina. Sau uku ina zuwa ƙofar ɗakin da yake kallon faifan wasanni, in tsaya, in koma. Har aka gama wasannin bana, duk Alhamis yana kawo mini katunan kamar kullum, ni kuma in rubuta.

Mama ta riga ta gaya miki an sallame shi. Ya samu aikin mataimaki a wata ƙaramar kwaleji a Arkansas, ƙarƙashin wani da shi ya horar tun yana ɗan shekara sha takwas. 'Yan wasansa sun zo ban kwana, manyan ƙatti suna kuka a falo, suka cinye wa Mama kaji shida. Mista Purvis ya yi masa aski bai yi zolaya ko ɗaya ba.

Shekaranjiya dillalin gidaje ya zo da allon kamfaninsu. Baba ya ce masa ya mayar da shi, yana da nasa. Ya buɗe but ɗin mota ya fito da allona. Sannan ya kira ni, ya miƙo mini buroshi da ƙaramin gwangwanin jan fenti.

Ya ce, "Verna, saura lambar waya. Ki ƙara a ƙasa, zai fi kyau a ce hannu ɗaya ne ya rubuta duka."

Na ce, "Baba, ni ce."

Ya ce, "Ni na koya miki riƙe fensir, 'yar nan. Rubuta."

Ya durƙusa a ciyawa da gwiwarsa mai ciwo, ya riƙe mini allon da hannu biyu don kada ya motsa. Hawaye suka hana ni gani, lambar ƙarshe ta karkace. Na ce zan gyara, ya ce in bar ta haka. Da ya miƙe sai ya tambaye ni ko zan ci gaba da rubuta masa katuna a Arkansas, ya ce yaran can ma a guje za su karanta.

Allon na nan a ƙofar gida. Duk safiya ta gabansa nake wucewa zuwa makaranta. In kin zo Kirsimeti za ki gan shi.

Ki gaida abokan aikinki.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Verna Tarver