Jarkar Innarka da Bututun Wuyana

Ɗanzomo,
Sule Tankarkar.

Zuwa ga ɗana Abdulfatah,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Mansura da jikata Nana Firdausi. Allah Ya tsare ku a Fatakwal ɗin nan taku. Mu nan alhamdu lillahi, an yi shuka, gero ya fito. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san ubanka a aji huɗu ya yi sallama da boko. Ban kira ka a waya ba don ina so ka karanta wannan sau biyu.

Ka san farkon zancen. Na dawo daga kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ƙishi kamar ya kashe ni, na ga robar ruwa a gindin randa, na kafa kai ko bisimilla babu. Ashe ruwan soda ne na sabulun innarka. Ƙunar ta warke, amma hanyar abinci ta tsuke, har koko sai an tace sau biyu. Ni Hussaini, da masu tsire ke murna in sun hango ni! A Kano likita ya buɗa wurin sau uku yana sake tsukewa, sai ya zura min wani ɗan bututu mai kama da raga ta baki, ba yanka, ya tokare wurin. Ya ce ba ciwon daji ba ne, tabo ne kawai, bayan mako takwas za a cire. Ya ce in riƙa tauna kamar akuya, in kwana a jingine, in na yi zari bututun zai toshe ko ya zame ya faɗa ciki. Jiya dai na ci tuwo loma biyar.

To, ga abin da ya sa na ɗauki biro. Baffanka Mannir ya ce kai ka sa shi ya kwashe tukwanen sabulu ya kulle a gidansa. Kuma ka kira innarka ka ce sakacinta ne ya kusa kashe ni. Kai, Abdulfatah! Wa ya haife ka? Sabulun nan da kake rainawa, shi ya kai ka makaranta a Gumel shekarar da fari ya cinye gonata. Kana can kana ba da umarni kamar hakimi, ita tana nan tana tace min kunu, ko gidan suna ta daina zuwa saboda bakin mata. Ba don likita ya hana ni ɗaga murya ba, da daga nan za ka ji ni.

Ka buɗe kunnenka. A jarka take ajiye sodarta, a rufe, can cikin ɗakin ajiya. Ni na so jarkar don in zuba man babur, na juye sodar a roba, na dangwarar da ita a gindin randa, na manta. Ni na haɗa tarkon, ni na faɗa. Don haka ka kira Mannir yau ya dawo da tukwane, ka kira innarka ka roƙi gafara, kafin ka sake kirana Baba.

Ka gaida Mansura da Nana Firdausi. Adda Kande da Tayyiba suna gaishe ku.

Saura nawa aikin. Wata huɗu ina jin ana zargin innarka na yi shiru, wai kada a yi wa mai gida dariya. Shekaranjiya na ga jarkar a kife a bayan ɗaki. Ashe innarka ce ta kwance ta daga babur tun a ranar, ta wanke warin fetur, ba ta tona min asiri ba. Juma'ar nan, in an sauko daga masallaci, zan tsaya a ƙofar gida in faɗa wa jama'a da bakina. Wannan lomar ba bututun da zai wuce min da ita, ni zan haɗiye.

Ubanka,
Hussaini Ɗanzomo